Yadda ake niƙa alkamar gargajiya a gida da dutse

Ƙwayar alkama kashi uku ce: farin ciki, wanda ya kai kusan kashi 83 cikin 100 na nauyinta, da dusa kusan kashi 14, sai ɗan idon tsiro da bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Man alkama da yawancin ƙamshinta suna cikin wannan ɗan ido. Kamfanin fulawa yana cire shi tare da dusa domin gari ya yi watanni a kanti bai canja ba, dutse kuwa murje su yake yi gaba ɗaya su cakuɗe. Shi ya sa funkason garin da aka niƙa da safe ƙamshinsa ke cika gida, shi ya sa kuma wannan garin ba ya jure zafin Makka ko laimar Jidda. Galibin matsalar da masu niƙan gida ke kuka da ita daga abu biyu take fitowa, danshi a jikin hatsi da gaggawa wajen zuba shi, don haka a kansu za a fi tsayawa.

Wace alkama ce a hannu

Irin da aka fi kira tsofaffi huɗu ne. Ainkon ita ce mafi ƙanƙanta, siririya, an fara nomanta a kudu maso gabashin Turkiyya shekaru kusan 10,000 da suka wuce, kuma garinta ruwan ɗorawa ne. Ema ita ce alkamar Misira ta zamanin Fir'auna. Har yanzu ana nomanta a Habasha da Yaman, Larabawan kudu suna kiranta alas. Sifelt ta fi yawa a Jamus da maƙwabtanta, tana da taushi. Ta huɗu ita ce Khurasan, wadda ake sayarwa da sunan Kamut: doguwa ce, ta kusa ninka alkamar yau girma, ga tauri da sheƙi.

Ukun farko suna da riga mai manne wa ƙwaya wadda sussuka ba ta cirewa. In za a saya, a tabbatar ɓararriya ce. Wanda ya samu mai riga, kamar yadda alas kan zo daga ƙauye, sai ya shanya ta ta yi ƙarau, ya zuba a turmi ya riƙa kirɓawa da sauƙin hannu, yana sheƙewa, har rigar ta fita. Kada a zuba ta a dutse da rigarta, ƙaiƙayi ne zai cika garin.

Ba dole sai ta ƙasar waje ba. Saudiyya tana da nata tsofaffin iri da manoma ke gadon su, kamar lukaimi da ma'iyya na Najd, musamman yankin Kasim. Lukaimi aka fi yin jarish da ita, wato abincin ɓarzajjiyar alkama na Saudiyya, ma'iyya kuma aka fi niƙawa gari. Ga mai koyo su ne suka fi dacewa: ba su da riga, sun fi araha, kuma ana samun su a shagunan hatsi da na kayan ƙamshi. Duk waɗannan alkama ce mai danƙo. Wanda likita ya hana shi alkama saboda ciwon hanji da danƙon alkama ke tayarwa, ainkon da sifelt ma ba nasa ba ne, ko me mai talla zai faɗa.

A wajen saye a ɗebi tafi guda a duba. Ƙwaya mai ɗan rami, ko ƙura mai kama da gari a gindin buhu, alamar ƙwaro ce. A sansana: warin ruma na nufin ta sha laima. Alkamar da aka rina ja ko shuɗi iri ce ta shuka, an cuɗe ta da magani, ba a cinta ko an wanke.

Gyara kafin niƙa

A fara da bakace a faifai, ƙura da ƙaiƙayi su fita. Sannan a baje a farin tire a tsince tsakuwa, ɗan ƙarfe, dunƙulen ƙasa da baƙin iri. Wannan tsinta ita ce aikin da ya fi cin rai, amma tsakuwa ɗaya tana iya gutsure haƙorin dutsen inji. Kilo guda kan ɗauki minti 10 zuwa 15.

In alkamar mai tsabta ce ta leda, tsinta ta wadatar, ba sai an wanke ba. Ta buhu mai ƙasa kuwa sai an rege. A nan ne aka fi yin kuskure, domin a ranar Makka bayan ƙwaya yana bushewa cikin awa biyu, a taɓa a ji rau, alhali cikinta da ruwa. Hanyar da ba ta yaudara ita ce sikeli. A auna alkamar kafin a wanke a rubuta nauyin. A rege ta da sauri, kada ta jiƙa a ruwa fiye da minti biyu ko uku, a tsane a kwando, a baje a kan zane mai tsabta kaurin yatsa ɗaya, ana motsawa. Ba a niƙa ta sai nauyinta ya dawo abin da aka rubuta, ko ya ɗan gaza saboda dattin da ya fita. A Makka da Madina kwana ɗaya zuwa biyu a saman bene yana isa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda tattabaru. A Jidda a shigo da ita kafin magariba, in ba haka ba raɓar dare ta mayar da aiki baya. A ƙarasa busarwa a ɗaki mai na'urar sanyi, ko a tanda a zafin da bai wuce digiri 50 ba, ƙofa a ɗan buɗe.

Hatsin niƙa ana so danshinsa ya kasance wajen kashi 12 cikin 100, kada ya haura 14. Gwajinsa a gida: a ɗora ƙwaya ɗaya a kan tayil a danne da bayan cokali. Busasshiya za ta ce ƙas ta tarwatse. Mai danshi za ta baje ta yi fale-fale ba ƙara. A gwada guda biyar daga wurare daban-daban na shanyar.

Maganin ƙwaro shi ne firiza. A ɗaure alkamar a leda, a bar ta mako guda a digiri 18 ƙasa da sifili, ƙwaron da ƙwansa su mutu. Da aka fito da ita, kada a kwance ledar sai ta huce ta dawo daidai da zafin ɗaki, domin hatsi mai sanyi yana jan gumi daga iska nan take, musamman a bakin teku.

Dutsen hannu

Wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san dutsen niƙa na durƙuso, uwa da ɗanta, ana turawa ana jawowa. Yana niƙa alkama, sai dai a Hijaz, yankin Makka da Madina, wanda aka fi samu shi ne raha, duwatsu biyu masu faɗi da'ira, faɗinsu kamar santimita 35 zuwa 45. Na ƙasa yana zaune, da turke a tsakiyarsa. Na sama yana da rami a tsakiya inda turken ke shiga kuma ta nan ake zuba hatsi, sai mariƙin itace a gefe. Mafi kyau shi ne na baƙin dutsen harra, irin wanda ya kewaye Madina, saboda ƙananan ramukan jikinsa suna zama kamar haƙora, yana cinyewa sababbi suna buɗewa. Dutse mai laushi yana zubar da yashi a gari har abada.

Mai sayen tsohuwar raha a kasuwar kayan da ya lura sosai. Da yawa na ado ne yanzu, an shafa musu fenti ko an like tsagewarsu da siminti. Mafi haɗari ita ce wadda aka kafe turkenta ko mariƙinta da narkakkiyar darma, domin darmar tana gogewa ta shiga gari, kuma guba ce, ta fi illa ga yara da masu ciki. In aka ga wani ƙarfe mai toka-toka a gindin turke wanda wuƙa ke iya karta, a bar ta a wurin.

A wanke dutsen da buroshi mai tauri da ruwa zalla, ba sabulu, a shanya kwana biyu. A shimfiɗa zane mai kauri ko tabarmar leda mai tsabta a ƙasa mai daidai, a ɗora rahar a tsakiya yadda garin zai zubo ta kowane gefe. Kafin abinci, a niƙa kamar rabin kilo na shinkafa busasshiya ko alkama mai araha a zubar wa kaji. A murza ɗan garin tsakanin haƙora. In ana jin ƙasa, a sake.

A zauna dutsen yana tsakanin ƙafafu, baya a miƙe. A zuba tafi ɗaya a ramin kafin a fara juyawa, domin juya dutse a kan dutse ba hatsi yana kashe kaifinsa kuma yana jawo yashi. Hannu ɗaya na juyawa, ɗayan na zuba ɗan abin da yatsu suka ɗebo bayan kowane zagaye huɗu ko biyar. Kunne ne ke jagora. Ƙarar ɓarzawa mai kauri na nufin akwai hatsi a ciki; da ta koma kururuwar dutse, a ƙara. In aka cika zubawa, dutsen sama zai hau kan ƙwayoyin ya riƙa yawo, hannu ya ji sauƙi, abin da ke fitowa kuma gutsattsarin alkama ne. Laushin gari a raha daga yawan zubi yake: kaɗan-kaɗan gari, da yawa tsaki. In dutsen yana da zanen tsagi kuma aka ga gari ba ya fitowa gefe, a juya ta ɗaya hannun.

Zagaye na farko ɓarza ce, ba za a samu gari mai laushi ba. A tattara a tankaɗe, a mayar da tsakin cikin dutse, sau biyu ko uku. A yi wa kilo guda tanadin kusan awa ɗaya. In mutum biyu suka zauna fuska da fuska suka kama mariƙi ɗaya, ya fi sauri kuma kafaɗa ba ta gajiya. Aiki ne mai nauyi tun asali: ya zo a hadisi cewa Nana Faɗima, Allah ya ƙara mata yarda, ta koka da abin da raha ta yi wa hannunta. A naɗa ƙyalle a mariƙin, a riƙa canja hannu.

In dutse ya yi santsi yana sheƙi, hatsi na zamewa, lokacin koɗa ya yi. A kife na saman, a bi fuskokin biyu da makoɗi ko ƙaramar guduma mai tsini, ana sara ƙanana-ƙanana kusa da juna, a bar gefen baki da sara mafi sauƙi saboda nan ne gari ke laushi. A kare ido. Bayan koɗa a share, a sake niƙa na zubarwa kamar sabo.

Injin gida mai dutse

Ƙananan injunan kan tebur irin su Mockmill da KoMo da Hawos duwatsunsu haɗi ne na wani ma'adini mai tauri da aka gasa da yumɓu, ba sa buƙatar koɗa. Masu ƙaramin ƙarfi suna niƙa kusan giram 100 a minti, wato kilo a minti 10. Kafin a yi oda daga waje a karanta rubutun jikin motar. Wutar Saudiyya bugu 60 take a daƙiƙa, ta Turai 50, kuma motar da aka ƙera don 50 kaɗai za ta yi gudu fiye da ƙa'ida da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ta ɗumama gari. A nemi wadda aka rubuta tana karɓar 60 kuma ta dace da wuta mai ƙarfin 220 zuwa 230, a kula kuma da tsofaffin gidajen da har yanzu suke da soket na 127.

A kunna injin babu komai a ciki. A matsa ma'aunin zuwa wajen laushi a hankali har a ji duwatsun sun fara ɗan taɓa juna, cik-cik, sai a ja baya mataki ɗaya ƙarar ta ɗauke. Wannan shi ne mafi laushin da ya dace. Sannan a zuba hatsi injin yana tafiya. Ba a kashe shi sai mazubin ya ƙare kuma ƙara ta koma ta wofi. In wuta ta ɗauke ko ya cije da hatsi a ciki, a buɗe ma'aunin zuwa tsaki kafin a sake kunnawa, in ba haka ba motar za ta yi gurnani ta kasa tashi.

Ainkon da sifelt masu taushi ne, zubi ɗaya ya ishe su, sai dai ainkon tana da saurin shafe dutse, don haka a ɗan sassauta mata ma'auni. Khurasan da lukaimi, da ema in ta yi tauri, a ɓarza su tukuna sannan a matse a sake zubawa da cokali kaɗan-kaɗan. A riƙa tara hannu a bakin mafita: gari mai ɗumi ba laifi, amma in ya wuce digiri 40 zuwa 45, har tafin hannu na jin zafi, a tsaya. A niƙa kilo ɗaya a huta minti 15. Lokacin bazara a yi aikin bayan asuba ko a ɗaki mai sanyi, kuma a baje garin a tire ya sha iska kafin a rufe, domin gari mai ɗumi a rufaffiyar roba gumi yake yi.

Idan gari ya fara fitowa a lanƙwashe kamar ɓawo, ko ya ragu, ko ya tsaya gaba ɗaya, duwatsun sun shafe. A cire wuta a buɗe, za a ga wani abu ruwan ƙasa ya manne ya yi sumul a fuskar dutsen. Danshi ne ko mai. A goge da busasshen buroshi, a rufe, a niƙa tafi biyu na farar shinkafa a ma'aunin tsaki. Ruwa ba ya taɓa waɗannan duwatsu. Riɗi, gyaɗa, habbatus sauda da ɗanyen citta ba su shiga wannan inji. Su ne suka fi kashe shi a gidajenmu, saboda ana ganin tunda yana niƙa alkama zai niƙa kayan kunu ma.

Tankaɗe

Ba kowane girki ke son tankaɗe ba. Ya zo a Bukhari daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba su da rariya. Sha'ir suke niƙawa su hure, abin da zai tashi ya tashi, su kwaɓa sauran. Tuwon alkama, asida da kunu duk suna karɓar gari da dusarsa.

Funkaso da gurasa sun fi tashi in an rage dusa. Rariya mai ido kusan milimita 0.4 tana cire manyan ɓawo kawai, a kilo a rasa kamar giram 100 zuwa 150. Mai ido 0.25 tana ba da gari na taliyar murji da ɓawon sambusa, a nan ana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya rage a kan rariya iri biyu ne. A girgiza faifai, dusa mara nauyi za ta taru a sama, tsaki fari mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Tsakin nan shi ne na alkaki da dashishi, ko a mayar da shi dutse. Dusa a soya ta sama-sama ba mai, a ajiye a firiza, ana barbaɗawa a kunu.

Alkamar da ta daɗe a busasshiyar iskar Madina ko Riyad takan bushe har dusarta ta farfashe ta zama ƙura ta bi rariya, garin ya yi duhu. Gyaransa: kafin niƙa, a kilo guda na hatsin a yayyafa ruwa babban cokali ɗaya, mililita 15, a rufe a roba a girgiza sosai, a bar shi ya kwana. Ɓawon zai yi danƙo ya fita manya-manya. Ga raha ana iya kai wa cokali biyu. A Jidda ba a buƙatar wannan, iska ta riga ta yi.

Kwaɓi

A auna da sikeli, domin sabon gari yana da iska, kofinsa bai kai kofin fulawa nauyi ba. Ruwa ya danganta da iri. A giram 500 na gari don gurasa, ainkon a fara mata da mililita 280 zuwa 300, sifelt 325, Khurasan da ma'iyya 350 zuwa sama. A haɗa a rufe minti 30 kafin a yanke hukunci, saboda dusa a hankali take shan ruwa. Kwaɓin da ya yi kamar ya saki yakan haɗe da kansa.

Ainkon tana manne wa hannu komai daɗewar murza, kuma ƙara gari tauri kawai yake sa ta. A jiƙa hannu, a naɗe ta sau uku ko huɗu, a bar ta. Ta fi kyau a funkaso da gurasa mai faɗi, inda ba a neman tsayi. Sifelt tana haɗuwa da wuri, minti huɗu zuwa biyar na murza sun isa, in aka zarce sai ta saki ta baje. Khurasan ce ta taliya, tana ba da zare mai kalar zinariya wanda ba ya narkewa a tukunya.

Sabon gari yana saurin tashi, ga zafin yanayi. A rage yis zuwa rabin abin da aka saba, ƙaramin cokali ɗaya a rabin kilo, a kwaɓa da ruwan sanyi, a fara dubawa bayan minti 40. Ainkon da sifelt ba a jiran su ninka biyu. Da sun ƙaru da rabi a soya ko a gasa, in suka wuce nan faɗawa suke yi su yi tsami.

Ajiya

Ƙwayar da ba a niƙa ba, in ta bushe kuma tana cikin bokiti mai murfi a wuri mai sanyi, nesa da bangon da rana ke duka, tana shekara da fiye. Gari kuwa a niƙa na kwana biyu ko uku. A ɗakin girki mai zafi kada ya wuce mako, a firij wata guda, a firiza wata uku zuwa shida cikin leda biyu don kada ya ɗauki warin kifi ko nama. Wanda ya lalace yana warin tsohon mai, kuma ana jin ɗaci a ƙarshen harshe. Gasawa ba ta gyara shi. Masu tanadin azumi su gyara alkamar su busar tun Sha'aban, su kasa ta leda-leda kilo ɗaya-ɗaya, ana ɗaukar ɗaya ana niƙawa daren da za a kwaɓa. Bayan kowane niƙa a share raha ko injin da buroshi, har cikin mafitar gari, a rufe da ƙyalle, domin ɗan garin da ya maƙale a lungu shi ne ƙwaro ke fara samu, daga nan ya bi zuwa buhu.